Tokar Yahanasu

A gonarmu ta gabas da Mirriya,
bayan tsamiyar da aradu ta tsaga,
gero ya fito da gefen ganye a ƙone
kamar an bi shi da bakin wuta cikin dare.
Ruwa bai yi mana rowa ba.
Sau goma sha tara ya sauka,
na ƙirga da tsakuwa cikin gwangwani.
Amma da iskar watan takwas ta taso
sai kara ya durƙusa,
zangarniya ta kafa baki a rairayi.

Baba Barmu ya ce bakin mutane ne.
Ni na ce tsutsa.
Tsahiru malamin gona ya jingine babur,
ya tsuguna, ya murza ganye a yatsa,
bai dubi sama ba, bai dube mu ba,
ya ce, "Karan bara, ina yake?"

Mun sayar.
Amalanke uku zuwa Damagaram.
Masu tumaki na Zango suka kwashe,
saura ya zama darni a gidan da ban sani ba.
"Na bara waccan fa?" Haka.
"Harawar wake?" Haka.

Ya ce, "Gona ba ta fushi, lissafi take yi.
Akwai wani gishiri a jikin ƙasa,
fotash muke ce masa a takarda.
Tsaba kaɗan take ɗiba, kara ke shanye shi.
Shi ke sa wa kara ƙashi,
shi ke tsare ruwa cikin ganye
ranar da hadari ya haɗo ya watse.
Ku kuwa kowace kaka
kuna ɗaure shi da igiya, ku kai birni."

Inna Yahanasu na tsintar yakuwa a gefe.
Ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta yi dariya.
Da maraice ta ƙona kara a bayan ɗaki,
ta zuba tokar a tukunya mai huji,
ruwa ya ɗiɗɗiga, ja kamar shayi.
Ta ɗiga wa Tsahiru a harshe.
Ya yamutsa fuska.
"Wannan ne?"
"Shi ne, Inna."
"To na riga takardarka saninsa.
Shekara arba'in ina ba miya,
ban san gona ma tana lasa ba."

Rani ya same mu muna bara ta toka.
Murhunmu, murhun maƙwabta,
na Gambo mai ƙosai a bakin tasha,
har yara suka sa mini suna Sarkin Murhu.
Jaɓɓo ya kwana bakwai da shanunsa a gonar,
muka biya shi tiya huɗu da goro.
Rabin kara muka bari a kwance, gara ta yi aikinta.
'Ya'yan gawo da muke sarewa da sassabe,
bana na kewaye su da ƙaya.
Buhun takin zamani ya fi ƙarfinmu,
tiya biyu na auno a kasuwar Dole,
marfin kwalba ɗaya, rami ɗaya,
har bayana ya manta miƙewa.

Ba zan yi ƙarya ba.
Dami ashirin da uku ya koma talatin da ɗaya,
ba ɗari ba.
Yammacin gona, inda toka ba ta kai ba,
ya sake kwanciya.
Kuma da mai amalanke ya dawo da kaka,
kuɗi a hannu, ƙaramar 'yata da zazzaɓi,
na sayar masa da lodi guda.
Na tsaya ina kallon jakin yana tafiya
da abin da na sani yanzu.

Da asuba na ji motsi a tsakar gida.
Inna ce, tana share murhu cikin kwando,
tana guna-guni ita kaɗai:
"Ka ci nata, ka mayar mata da kwano.
Ko maƙwabciya ba a yi mata haka."
Ta ɗora a kai, ta nufi gabas,
toka na zuba mata a kafaɗa.